Ɗalibaina sun kasa sabawa da aikin gida a darasin ƙididdiga, ina mafita?

Sabon Malami

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da ƙididdiga ga 'yan shekarar farko a wata kwaleji da ke karkarar Jigawa. Ɗaliban sun ɗan haura ɗari, yawancinsu daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, kuma darasin awa biyu ne a mako. A cikin aji suna fahimta, in na yi tambaya su amsa. Amma da na ba da aikin gida sai abu ya rikice. Wasu ba sa kawowa sam, wasu su kwafe na mutum ɗaya har da kuskurensa, 'yan kaɗan da suka yi da kansu kuma sai su ɓace a tsakiyar lissafi. Yanzu muna kan min (matsakaici), midiyan (lambar tsakiya a jeri), mod (lambar da ta fi maimaituwa) da S.D. (ma'aunin bazuwar lambobi daga min), nan da mako uku za mu shiga babin yiwuwa. Tsarina jinga biyu ce a zango, kowacce tana da tambaya 15, maki goma-goma. Tsarin ne da matsala ko ɗaliban? Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

Tsohon Malami, Ringim

Wa alaikumus salam Malam. Tsarin ne, kuma gyaransa ba wuya. Jinga mai tambaya 15 da ake bayarwa sau biyu a zango ba ta koyar da ƙididdiga, domin ɗalibi zai ajiye ta sai daren da za a karɓa, a lokacin kuwa ya manta abin da aka yi mako huɗu baya, ba abin da ya rage masa sai kwafa. Ƙididdiga kuma kowane babi a kan na baya yake zaune. Wanda bai iya fitar da min daga jadawali ba, S.D. ba za ta yiwu gare shi ba, wanda S.D. ta kuɓuce masa kuma ya yi sallama da duk abin da zai biyo baya.

Ka farfasa ta. Kowane mako tambaya uku ko huɗu, waɗanda matsakaicin ɗalibi zai gama cikin minti 40, a takarda ɗaya gaba da baya. In kana son sanin ko aikin ya yi yawa, ka yi shi da kanka kana duba agogo, sannan ka ninka lokacin sau huɗu. In ka gama a minti goma, to daidai ne.

Tambayoyin kuma kada su zama iri ɗaya. Ta farko ta kasance an riga an yi rabinta: ka zana jadawalin, ka cike layi biyu na sama, su ƙarasa sauran. Ta biyu irinta ce amma babu taimako. Ta uku daga darasin mako biyu ko uku da suka wuce za ka ɗauko ta, don kada abin ya kwanta. In akwai ta huɗu, ta zama ta bayani ce da baki, babu lissafi. Wannan fara wa ɗalibi da misalin da aka warware ba sabon abu ba ne, tun 1985 John Sweller da Graham Cooper suka nuna a darasin aljebra cewa sabon shiga ya fi amfana da nazarin warwararren misali fiye da a jefa shi cikin tambayoyi kai tsaye.

Ga irin tambayar farko. Manoma biyar sun samu buhun gero 4, 6, 7, 8 da 10. Jimla 35, a raba da 5, min ya zama 7. Nisan kowanne daga 7 shi ne −3, −1, 0, 1, 3. Sikwayarsu 9, 1, 0, 1, 9, jimla 20. In waɗannan biyar ɗin su ne duka waɗanda ake magana a kansu, a raba 20 da 5, bariyans 4, S.D. 2. In kuwa samfur ne da aka tsamo daga manoman gari, a raba da 4, bariyans 5, S.D. 2.24. Ka cike musu layin 4 da na 6, su yi sauran ukun.

Tambayar bayani kuma ga ta: wani babban manomi mai buhu 49 ya shigo cikinsu. Min ya tashi daga 7 ya koma 14, midiyan kuwa daga 7 zuwa 7.5 kawai. In hakimi ya tambaye ka abin da manomin garin nan yake samu, wanne za ka faɗa masa, kuma don me? Ɗalibin da ya lura cewa biyar cikin shida ba su kai 14 ba, ya fahimci abin da darasin yake nufi. A ganina wannan tambaya ta fi sauran ukun daraja, kuma ita ce ta fi wuyar kwafa, domin amsa biyu iri ɗaya sak daga mutum biyu nan take ake gane su.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka raina shi: a fara aikin a cikin aji. Minti goma na ƙarshen darasi, kowa ya buɗe takarda ya soma tambayar farko kana zagayawa. Wanda ya tafi gida da aikin da ya riga ya taɓa, yakan ƙarasa. Wanda ya tafi da farar takarda, yawanci haka zai dawo da ita.

Malama, Bichi

Allah ya saka wa Malam na Ringim. Ni zan yi magana a kan kashi na uku da Sabon Malami ya ambata, masu yi da kansu suna ɓacewa, domin su ne abin tausayi. Ɗalibi ya ɓata awa guda ya samu sifili ba tare da an nuna masa inda ya kauce ba, mako mai zuwa shi ma kwafa zai yi. Kurakuran nan kuwa sanannu ne, kusan kullum su ne dai.

Babbansu rikita Σx² da (Σx)². A misalin geron nan, Σx² shi ne 16 + 36 + 49 + 64 + 100, wato 265. Shi kuwa (Σx)² shi ne 35 sau 35, wato 1225. Gajeriyar fomula tana cewa 265 a cire 1225 bisa 5, wato 265 − 245, a samu 20, daidai da doguwar hanya. Ɗalibin da bai bambance su ba sai ya sa lamba ɗaya a wuri biyu. Maganinsa a tilasta gidan x² daban a jadawali, a haɗa shi a ƙasa, kuma a makon farko a sa su bi hanyoyin biyu su ga amsa ta zo ɗaya. Daga nan sun samu hanyar duba kansu ba sai malami na kusa ba.

Sai sikwayar lamba mai alamar ragi. In ɗalibi ya danna −3² a kalkuleta, −9 za ta ba shi, domin na'urar tana yin sikwaya kafin ta sa alamar. Dole a rubuta (−3)². Daga nan ne ake samun bariyans mai alamar ragi, ko sifili, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba matuƙar lambobin sun bambanta. A gaya musu ƙarara: bariyans in ya fito da ragi, kuskure ne, a koma baya.

Yanke lamba da wuri ma yana ɓata aiki. Ɗauki 6, 7, 9. Min 7.333 ne. Wanda ya mayar da shi 7 tun farko zai samu jimlar sikwaya 5 maimakon 4.67, bariyans na samfur ya zama 2.5 maimakon 2.33. Dokar ita ce a riƙe aƙalla lamba huɗu bayan ɗigo a cikin aiki, a yanke a amsar ƙarshe kawai.

A jadawali mai rukuni-rukuni abu uku ke faruwa. Rukunin 10–19 faɗinsa 10 ne, ba 9 ba, domin iyakokinsa na gaskiya 9.5 da 19.5 ne, tsakiyarsa kuma 14.5. Na biyu, a raba Σfx (jimlar tsakiyar kowane rukuni sau firikwansinsa, wato yawan lambobin da ke cikinsa) da Σf (jimlar firikwansi), amma da yawa sukan raba da adadin rukunan, sai ka ga matsakaicin shekarun ɗalibai ya fito 180 kuma an ja masa layi biyu a ƙasa. Na uku, a fomular midiyan ana amfani da tarin firikwansi na rukunin da ya gabaci rukunin midiyan, su kuwa sai su sa na rukunin kansa. Ko a lambobi marasa rukuni ma, wasu na ɗaukar na tsakiya ba tare da sun jera su daga ƙarami zuwa babba ba.

Shawarata ka buga musu tambayoyin duba kai guda huɗu a ƙasan kowace takarda. Min yana tsakanin ƙaramar lamba da babba? Jimlar nisan lambobi daga min ta ba da sifili? S.D. ta gaza tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami? An rubuta ma'auni, buhu ne ko naira ko kilo? Wanda ya saba da waɗannan zai kama rabin kurakuransa da kansa.

Batun rabawa da n − 1 a samfur kuma (n shi ne adadin lambobin) kada a ce musu su haddace kawai. Nuna musu da lambobin nan: in ka san nisa huɗu, −3, −1, 0 da 1, na biyar dole 3 ne, tunda jimla sifili ce. Ke nan huɗu ne kawai ke da 'yanci. Sannan lambobin samfur sun fi kusa da min ɗinsu fiye da min na gari duka, don haka rabawa da n tana rage bazuwar, rabawa da n − 1 ce ke gyara hakan.

Mai Alli, Birnin Kudu

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, sai dai ina da ja a kan yawan lissafin hannu. Mako biyu na jadawali da hannu sun isa. Bayan nan a koya musu kalkuleta, in ba haka ba aikin gida zai koma tarawa da ninkawa, tunani kuma ya tafi. Hasali ma rahoton GAISE da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar a 2005, aka sabunta a 2016, abin da ya fi jaddadawa shi ne fahimta, da aiki da bayanan gaske, da amfani da na'ura wajen lissafi.

A Casio fx-991ES PLUS: MODE, 3, sannan 1. A shigar da lambobi ana danna = bayan kowace. A danna AC, sai SHIFT, 1, sannan 4. Nan za a ga n, x̄, σx da sx. σx ita ce ta raba da n, sx ta raba da n − 1. Da lambobin geron, σx za ta ba da 2, sx ta ba da 2.236. In ana son gidan firikwansi: SHIFT, MODE, a gangara ƙasa, 4, sannan 1.

A tsohuwar fx-82MS, wadda ita ce a hannun da yawa: MODE, 2, a shigar da kowace lamba da M+, sannan SHIFT, 2. Matsalarta ita ce tana riƙe tsofaffin lambobi. Ɗalibi ya ari ta abokinsa, ya ɗora nasa a kan na wancan, amsa ta fito wani iri. A share tukuna da SHIFT, MODE, 1, =, kuma a riƙa kallon n da take nunawa bayan kowace M+, in lambobi biyar ne ta tsaya a 5.

Ba kowa ke da ita ba, na sani. A haɗa su uku-uku bisa ƙauye ko unguwa, ba bisa jerin suna ba, a tabbatar kowace ƙungiya akwai kalkuleta ɗaya. Su tattauna tare, amma kowa ya rubuta nasa. Mata kuma a bar su su zaɓi abokan aikinsu, domin wadda za ta koma gida kafin magariba ba za ta zauna jiran ƙungiyar da ke haɗuwa da dare ba. Kalkuletar waya ba laifi a gida, amma tunda ba a shiga jarrabawa da waya, dole hannu ya saba da ta gaske.

Malamin Gona, Haɗeja

Ni ba a aji nake aiki ba, amma kullum muna cikin auna gona da ƙidayar amfani, don haka ga nawa. Yaran nan sun san lamba. Wanda ya tashi yana bin mahaifinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ya san farashin tunkiya ba ɗaya ba ne, ya san akwai na sama da na ƙasa da inda yawanci suke faɗawa. Wannan ai shi ne min da bazuwa. Littafin ne ke kawo misalan da ba su shafe su ba.

A sa su tattaro nasu. Kowa ya tambayi farashin kwanon gero ko na wake a wurin masu awo goma ranar kasuwar garinsu, ya fitar da min, midiyan da S.D. Amma a yi hattara da abu biyu. Kwano ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, wani ma a tsaye ake cika shi wani a shafe, don haka kowa ya rubuta irin ma'aunin da ranar da wurin. Sannan farashin da aka fara faɗa daban, wanda aka sallama daban. Sai a tsayar da ɗaya tun farko. Wannan gardamar kanta darasi ce, domin a nan za su gane cewa lamba ba ta da amfani in ba a san yadda aka samo ta ba. A kuma tambaye su: in masu awo goman duk na bakin ƙofar kasuwa ne, sun wakilci kasuwar?

Wanda ba zai samu zuwa kasuwa ba ya ƙirga ƙwayar gyaɗa a kwanso talatin, ko ya auna tsawon zangarniyar gero ashirin da rula. Ga kuma bayanan hukuma: ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum kusan miliyan 4.36 a ƙananan hukumomi 27, Kano kuma kusan miliyan 9.4 a 44. Su raba su gani, Jigawa kimanin 161,500 kowace ƙaramar hukuma, Kano kimanin 214,000, sannan a tambaye su ko wannan yana nufin kowace ƙaramar hukumar Kano ta fi ta Jigawa jama'a. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma tana fitar da farashin kayan abinci wata-wata, malami zai iya sauko da shi sau ɗaya ya buga wa kowa.

Lokacin karɓa kuma a duba shi. In zangon ya faɗa damina, ranar da aka yi ruwan shuka da makonnin noman farko ba ɗalibin karkara da zai zauna da takarda, haka ma lokacin girbi. Kada ranar karɓa ta zama washegarin kasuwar yankin. Kada kuma a dogara da WhatsApp kaɗai wajen aika tambayoyi, saboda caji da data. A rubuta a allo ko a ba da takarda, WhatsApp ya zama ƙari.

Sabon Malami

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ke damuna yanzu shi ne duba takarda sama da ɗari kowane mako ni kaɗai. Kuma ko an rage tambayoyin, mai kwafa zai kwafa, balle yanzu da wasu ke tura tambaya ga Meta AI a waya ta ba su amsa. Sannan yaya zan shirya su don babin yiwuwa?

Tsohon Malami, Ringim

Ba duka za ka duba ba, Malam. Tambaya ɗaya za ka zaɓa kowane mako ba tare da ka sanar da wacce ba, ka ba ta maki 0, 1 ko 2: ba a yi ba, an yi da kuskure a hanya, an yi daidai. Sauran ka leƙa kawai ka ga an taɓa. Minti ɗaya kowace takarda, ƙasa da awa biyu ka gama. Kada ka tsaya rubuta dogon gyara. Ka ba kurakuran da Malama ta lissafa haruffa, A rikita Σx², B alamar ragi, C yanke lamba da wuri, haka dai, ka rubuta harafin a gefen takarda. A darasi na gaba ka warware biyun da suka fi yawa a allo cikin minti goma. Abin da ba ya yiwuwa shi ne takarda ta wuce mako ba ta dawo ba. In ɗalibai suka ga ba a dawo da ita, sun gama yanke hukuncin cewa ba a karantawa.

Maganin kwafa shi ne kowa da lambarsa. Ka ce lamba ta biyar a jerin ita ce 10 a tara da lambar ƙarshe ta rajistar ɗalibi. Ka samu nau'i goma ke nan, daga 10 zuwa 19. Amsoshin goma ka fitar da su a Excel da AVERAGE, MEDIAN da STDEV.S, ka riƙe a 'yar takarda. Kada ka ce a tara lambar a kan dukkan jerin, domin min da midiyan ne za su canja, S.D. tana nan yadda take, sai dai in wannan ɗin kake son su gano, wanda shi ma tambaya ce mai kyau ta mako guda.

Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne gajeren gwaji. Duk bayan mako biyu, minti goma na farkon darasi, tambaya ɗaya daga aikin gida da aka canja wa lambobi, littafi a rufe. Maki 20 ɗin da kake da su ka raba: 8 na kawo aiki, 12 na gwajin. Wanda waya ta yi wa aiki zai gane da kansa tun gwaji na farko cewa ba ta fisshe shi ba. Ka yafe mafi ƙarancin maki biyu a zango, saboda rashin lafiya, rasuwa ko aikin gona, ka kuma sanar da hakan tun yanzu, sai ka huta da karɓar uzuri, amma kada ka karɓi aikin da ya makara bayan an warware shi a allo. Makon farko na sabon tsarin kada ka sa maki a kan daidai, kawowa kawai.

Babin yiwuwa kuma ka guji misalan karta da caca, da yawa ba su san kartar ba, wasu kuma ransu ba zai so ba. Wake ya isa. Fari 6, ja 4 a cikin leda baƙa. Yiwuwar a ciro fari sau biyu in ana mayarwa ita ce 6/10 sau 6/10, wato 0.36. In ba a mayarwa, 6/10 sau 5/9, wato 1/3. Inda suke faɗuwa shi ne su rage na sama su manta na ƙasa, su rubuta 5/10. Aikin gida na farko ya zama kowa ya ciro sau 20 yana mayarwa, ya rubuta sau nawa fari ya fito. Wani zai samu 9, wani 15. Ka tattara na ajin duka a allo, ciro sama da 2,000 ke nan, za su ga rabon ya matso kusa da 0.6. Daga nan sai ka shiga fomula.

Malama, Bichi

Ƙari ɗaya a kan na waken: a gaya musu su girgiza ledar bayan kowace mayarwa, kuma ƙwayoyin su zama girmansu ɗaya, in ba haka ba hannu zai riƙa zaɓen manya. Wasu kuma za su zauna su ƙirƙiro sakamakon, za ka gane su da yawan 12 cif a takardu. Ka faɗa musu tun farko cewa 8 ko 16 ba kuskure ba ne, kuma makin na rubuta abin da ya fito ne a jere, fari ko ja, ciro bayan ciro.